BA A BA YARO JARI A SAKE SHI

Jama'a, 'yan'uwa talakawa, maza da mata, musamman ku mutanen kasuwa na Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, yau muna da magana da ku a kan 'ya'yanmu waɗanda suka ci jarrabawa suka shiga jami'a domin koyon aikin likita, da injiniya, da noma, da ilmin ma'adinai, amma talauci yana fizgo su baya ɗaya bayan ɗaya. Ba mu jin akwai garin da bai san irin wannan yaro ba. Ran da sunansa ya fito an yi guɗa, maƙwabta sun yi ta shigowa barka, amma kafin shekara biyu ta cika sai a gan shi bisa babur yana jiran fasinja a Kwanar Ɗangora. In an tambaye shi ya ce makaranta tana hutu. Hutun nan kuwa ba ya ƙarewa. Kunya ce ta hana shi faɗin gaskiya, mu kuwa da ba mu da abin kunya a ciki, bari mu faɗa.

Ku dubi ƙasar da Allah Ya ba mu. Tun kafin Turawa su zo ana haƙa kuza a Riruwai, ana narka ta, fatake suna kai ta kasuwannin nesa, kuma masana sun daɗe da tabbatar da cewa ban da kuza akwai wasu ma'adinai a cikin duwatsun nan. Ga dajin Falgore da itatuwansa da namun dajinsa. Ga Dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji, wanda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwansa yana gangarowa ne daga nan kudu, shi ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura. Ga masara da shinkafa da ake lodi mota mota daga kasuwanninmu. To, wa ke auna dutsen nan ya faɗi abin da ke cikinsa da abin da ya kamata a saye shi? Wa ke duba lafiyar bangon dam ɗin? Wa ke gwada takin da ake sayar mana, ya gaya mana ko taki ne ko kuwa yashi aka cuɗa? Wa ke karɓar haihuwa da tsakar dare a Zainabi ko Dariya in abu ya zo da gardama? Duk waɗannan ayyukan masu ilmin kimiyya ne, kuma muddin babu namu a cikinsu, za mu zauna muna ɗauko dutse da ka, wani yana rubuta kuɗinsa.

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne kurum. A 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka mutu saboda gubar dalma, domin iyayensu suna daka dutsen zinariya a cikin gida ba su san ƙurarsa tana kisa ba. Sai da likitoci suka zo daga waje suka gwada jini da ƙasa kana aka gane abin da ke cinye yaran. Mu da muke zaune gindin duwatsun ma'adinai, lalle wannan labari ya isa ya hana mu barci.

Ba yau aka fara gane wannan bukata a Kano ba. A 1977 aka kafa makarantun sakandare na kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu ɗaya a Dawakin Tofa, aka riƙa zaɓo yara masu ƙwaƙwalwa da jarrabawa, aka ba su malamai da kayan gwaji da abinci da makwanci. Abin ya yi albarka ƙwarai, likitoci da injiniyoyi masu yawa na jihar nan daga can suka fito, da yawansu kuwa 'ya'yan manoma ne. Wannan ya nuna mana cewa ɗan talaka ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Jami'o'i ma ga su kusa: ta Ahmadu Bello a Zariya tun 1962, ta Bayero a birni wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da ta kimiyya da fasaha a Wudil wadda ta soma aiki a 2001. Ƙofa a buɗe take, amma tsayawa a ciki shekara huɗu, ko biyar ga injiniya da malamin gona, ko shida ga likita, nan ne gizo ke saƙa.

Bari mu yi muku lissafi irin na rumfa. Yaron da ke karatun kimiyya ba kuɗin rajista kaɗai ke kansa ba. Akwai kuɗin ɗaki, da abinci, da kuɗin mota daga nan ƙarshen jiha zuwa birni. Akwai farar rigar ɗakin gwaje-gwaje, da kayan zane ga mai koyon injiniya, da littattafai masu tsada, da kwamfuta wadda yau ba a karatu sai da ita. Mai koyon ilmin duwatsu dole ya fita daji tare da malamansa, shi zai biya. Akwai koyon aiki na wata shida a ma'aikata, sau da yawa a garin da bai san kowa ba, akwai kuma aikin bincike na shekarar ƙarshe, wanda shi zai sayi abin da zai gwada. Daɗa ga shi daga safe har yamma yana aji ko ɗakin gwaji, ba shi da sararin da zai yi 'yar sana'a ya rufa wa kansa asiri kamar yadda wasu ke yi. In kuma malamai suka shiga yajin aiki, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas, kuɗin hayar da ya biya ya tafi a banza, shekara ta ƙaru.

A 2023 kaya ya ƙara nauyi. A watan Mayu aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi, a shekarar ce kuma Jami'ar Bayero ta ƙara kuɗin rajista fiye da ninki biyu, masu karatun fannin lafiya su suka fi kowa biya. Manomin da dā zai sayar da 'yan buhuna ya sallami ɗansa, sai ya ga ko ya kwashe rumbu bai isa ba.

Ba za mu ce ba a yi kome ba, gama ƙarya ba ta yi mana amfani. A 2023 ɗin Gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 domin biya wa ɗalibai 7,000 na Bayero kuɗin rajista, ta kuma yi shirin tura mutum 1,001 Indiya da Yuganda domin digiri na biyu. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun rancen ɗalibai, NELFUND, wanda ke biyan rajista, ya kuma fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, ba a soma biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Madalla. Amma ku lura da wa kowane ɗaya ya tarar. Tafiya waje ta wanda ya riga ya gama digiri da daraja ta ɗaya ce, watau kyauta ce ake rabawa a gaɓa, wanda ruwa ya ci a tsakiyar kogi ba shi da rabo a ciki. Biyan rajista na shekara guda taimako ne, amma karatun likita shekara shida ne. Rance kuwa ana nemansa ne ta intanet, da lambar ɗan ƙasa, da lambar banki, da wasu takardu, yaron birni yana da wan da zai cika masa, na Ragada fa? Kuma ko ya samu, naira 20,000 ku kun fi kowa sanin tiya nawa take saye.

Abin da ya fi wannan duka, babu ɗaya daga cikinsu da ke tambayar yaro, yaya karatu? A nan ne muke so mutanen kasuwa su koya wa Gwamnati abin da suka sani tun kaka da kakanni.

A kasuwa, in uba ya kawo ɗansa wurin ubangida, ba a ɗauko jari ran nan a danƙa masa a ce Allah Ya ba da sa'a. Sai ya zauna a rumfa ya ga yadda ake taya kaya da yadda ake sallamawa, ya san mai biyan bashi da mai cinyewa, ya san lokacin da hatsi ke faɗuwa da lokacin da yake tashi. In an ba shi uwar kuɗi, ubangida yana biye da shi, yana duba lissafinsa, in ya yi tuntuɓe a ja masa kunne a kuma tallafe shi, har ran da zai tsaya da ƙafarsa. Kowa ya ba yaro jari ya juya baya, ya san kuɗin nan sadaka ce ya yi wa kasuwa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, uban ya rasu yana ƙarami, wata tsohuwa mai suna Tata ce ta riƙe shi har sunanta ya bi shi, ya koyi fataucin goro a hanyar Gwanja, ya zama babban mai sayen gyaɗa, kafin ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ma da rancen cikin dangi ya fara a 1977, bayan ya taso a gidan ciniki. Kuɗi da mai jan hannu, tare suke tafiya.

Jami'a ma kasuwa ce ga baƙo. Yaron da ya fito daga ƙauye, wanda babu mai digiri a gidansu, watakila bai taɓa kama kwamfuta ba sai ran jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yinta duka. Ya shiga aji mai ɗaruruwan mutane, malami yana sauri da Turanci, lissafin zangon farko ya kayar da shi, bai san ana zuwa ofishin malami a yi tambaya ba, bai san yadda ake gyara darasin da aka faɗi ba, ba ya iya gaya wa uban da ya sayar da sa dominsa cewa ya faɗi. Sai ya yi shiru, shirun nan kuwa shi ke kai shi bisa babur. Da akwai wani babba wanda ya bi hanyar nan, ya kira shi ya ce, ƙanena, ni ma darasin nan ya taɓa kayar da ni, ga yadda ake yi, da an tsira da likita guda.

Ƙasashen da suka riga mu ma haka suka gano. A Amurka, a 1988, wani attajiri mai suna Robert Meyerhoff da wani malamin lissafi, Freeman Hrabowski, suka kafa wani shiri a wata jami'a ta Jihar Maryland domin ɗalibai baƙaƙen fata masu son kimiyya. Ba kuɗi kaɗai suka ba su ba. Kafin a buɗe makaranta sai a tara su makonni ana shirya su, a sa su karatu ƙungiya ƙungiya, kowa a haɗa shi da babba mai duba shi, a kai su ɗakin bincike tun suna ƙanana. Cikin waɗanda shirin ya yaye akwai Kizzmekia Corbett, wadda tana cikin masanan da suka haɗa allurar rigakafin korona a 2020. Har wa yau, a 1998 majalisar ƙasar ta yi doka cewa kamfanin da ya ɗauko ƙwararre daga waje ya biya wani kuɗi, a ɗebi wani kaso a ba 'ya'yan marasa ƙarfi masu karatun kimiyya sukolashif. Watau mai cin moriyar ilmi shi ke biyan kuɗin shuka shi.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma muna so kowane ɗan'uwa ya riƙe shi ya tambayi duk mai zuwa neman ƙuri'a.

Na farko, ga Hukumar Sukolashif ta Jiha. A ware wani kaso na musamman domin 'ya'yan talakawa masu karatun kimiyya daga ƙananan hukumomin nesa da birni, a ba su abin da zai ɗauke su tun daga shekarar farko har ta ƙarshe, muddin suna ci. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, gara a riƙe ɗari sosai da a yayyafa wa dubu abin da ba ya sayen littafi guda. A biya kafin a rufe rajista, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A manna sunayen waɗanda suka samu a sakatariya da kowace mazaɓa, kowa ya gani, kada a ce sai mai takardar wani babba. Gwamnatin da ta ce ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024 ba ta da hujjar ƙin wannan.

Na biyu, ga ƙananan hukumominmu huɗu. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, kowane shugaba da kansilolinsa su faɗa mana a bainar jama'a nawa suka sa a kasafi domin ɗalibai, da sunan waɗanda aka ba. Mazaɓa goma ce a Doguwa, in kowace ta riƙe yara biyu a shekara, namiji da mace, cikin shekara goma an yi mutum ɗari biyu.

Na uku, ga masu haƙar ma'adinai. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasin haƙa ya yi yarjejeniya da mutanen wurin kafin ya soma aiki, kuma cikin abubuwan da dokar ta ambata akwai sukolashif da koyar da sana'a ga 'ya'yan wurin. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. Dagatai da masu unguwanni da matasan Riruwai su nemi a karanta musu takardar nan da Hausa a gaban jama'a, a ga yara nawa aka rubuta.

Na huɗu, gare mu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mun san adashi, mun san yadda ake haɗa kuɗi in wuta ta ci rumfar ɗan'uwa. A misali, in mutum 500 a kasuwa guda, 'yan hatsi da 'yan tireda da mahauta da 'yan gwari da dillalai, kowa ya ajiye naira 200 kowace ranar kasuwa, an sami naira 100,000 a mako, a shekara naira miliyan biyar da dubu ɗari biyu. In aka ƙaddara kowane yaro naira 400,000 a shekara, an riƙe yara goma sha uku, daga kasuwa ɗaya tak. Masu fitar da zakka su tambayi malamansu a kan ɗalibi matalauci, masu hali kuma su tuna da waƙafi, rumfa guda da aka tsayar da hayarta domin karatu tana iya yaye likitoci bayan mai ita ya kwanta dama.

Na biyar, ga 'ya'yanmu da suka riga suka haye, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da ma'aikata da ke Kano da Kaduna da Abuja. Ba mu ce ku kawo albashinku ba. Kowannenku ya ɗauki yara biyu na garinsu, ya kira su sau ɗaya a wata, ya ga sakamakonsu kowane zango, ya nema musu wurin koyon aiki, ya cika wa na baya takardar rance da ta sukolashif. Mata daga cikinku su riƙe 'yan mata, domin uba ya fi sakin jiki ya bar 'yarsa ta tafi in ya san akwai yaya a can mai sa ido. Mu kuwa da muke kukan babu likita mace da za ta duba matanmu, daga ina za ta fito in ba mu tura ba?

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ga masu digiri nan suna yawo babu aiki. Gaskiya ne akwai su, amma ku je asibitocinmu na karkara ku ƙirga likitoci, ku je makarantunmu ku ƙirga malaman lissafi da kimiyya, sa'an nan ku gaya mana ko sun yi yawa. Mai ilmin gona ko na dabbobi ko na haɗa magani, ko Gwamnati ba ta ɗauke shi ba, ga gona, ga garke, ga kasuwa. Za su ce kuma kuɗin za a cinye. Wannan tsoro yana da dalili, mun ga irinsa. Maganinsa shi ne kada kuɗi ya kwana a aljihun kowa. A buɗe asusu a banki da hannu uku, na sarkin kasuwa, da na wata dattijuwa daga cikin mata, da na wani shugaban makaranta, a biya rajista kai tsaye ga jami'a, a karanta lissafi da ƙarfi a tsakiyar kasuwa kowane wata uku. A zaɓi yaro bisa ga sakamakonsa da halin gidansu, kada a tambayi jam'iyyar ubansa, ko Musulmi ne ko Kirista, ko Bahaushe ne ko Bafillace ko Bakurme. Ciwo ba ya tambayar wannan, likita ma ba zai tambaya ba.

Ku kuma samari da 'yan mata da za a riƙe, ku sani amana ce. Kuɗin nan daga gumin mai tallan ƙosai da mai dako ya fito. Sharaɗi uku ne a kanku: ku kawo sakamako kowane zango ko mai daɗi ko marar daɗi, ku koyar da ƙannenku lissafi da kimiyya a makarantun garinku lokacin hutu, in kun sami aiki kuma kowa ya ɗauki wani yaro kamar yadda aka ɗauke shi. Wanda ya faɗi darasi ya faɗa da wuri a taimake shi, ba korarsa za a yi ba, wanda ya ɓoye shi ne ya ci amana.

Kaka tana zuwa, kuɗi zai shigo hannu, jami'o'i kuma za su buɗe rajista ba su jiran kowa. Muna roƙon shugabannin kowace kasuwa, daga Doguwa har Tudun Wada, daga Kafin Maiyaki har Bebeji, su kira taro kafin a gama girbi, a rubuta sunan kowane yaro da yarinya na yankin da ke karatun kimiyya, da waɗanda suka dawo gida, a san nawa ne, a san abin da ya tsayar da kowa. Wasu daga cikin waɗanda suka dawo ɗin har yanzu ana iya mayar da su in an yi hanzari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya raya mana zuriya, amin.